Yadda na gyara PDF ɗin da haruffan ƙ da ɗ suka ɓace a cikinsa

Alhamdu lillahi, yau dai na huta da wannan matsala. Na rubuta takardar jawabin taro mai shafi 14 a Word, na mayar da ita PDF, na tura wa mai buga takardu. A kwamfutata komai lafiya lau, amma a tasa duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito. Kalmar ƙasa ta koma akwati da "asa".

Da farko na zaci turawar ce ta lalata fayil ɗin, na sake turawa ta imel. Bai canza ba. Ya sabunta manhajar buɗe PDF, nan ma shiru.

Ashe salon rubutun da na yi amfani da shi ne bai shiga cikin fayil ɗin ba, shi kuma babu irinsa a kwamfutarsa. Na gane hakan da na buɗe takardar a Acrobat Reader, na danna Ctrl+D, na shiga Fonts: babu kalmar Embedded, wadda ke nuna cewa an cusa salon rubutu cikin fayil, a gefen sunan salon.

Sai na koma Word, na danna Ctrl+A, na mayar da rubutun duka zuwa salon rubutu mai suna Charis SIL, wanda kyauta ne kuma yana da haruffanmu masu lanƙwasa. Daga nan Save As, na zaɓi PDF, na shiga Options, na sa alama a PDF/A, don wannan tsarin yana tilasta a cusa salon rubutu cikin fayil. Na sake dubawa, Embedded Subset ya bayyana.

Na gode wa mai bugawar da ya yi haƙuri da ni. Ya buga, kowane harafi ya fito daram.