Darasi na 9: A gyara tsohuwar bindiga ko a sayi sabuwa?

Idan kaka ta wuce aka kwashe amfanin gona, maharbi yakan sauko da bindigarsa daga inda ta yi damina. Wani ya tarar ƙota ta tsage, wani kunama ta saki, sai ka ji ana cewa "ta gaji, a canza ta." Ba a yanke wannan hukunci da kallon ƙota. Bututu ake fara dubawa, domin shi ke ɗaukar ƙarfin wuta.

Kafin komai, tabbatar babu ɗuri a ciki. Mai cin harsashi, karya ta ka leƙa. Bindigar toka kuwa, zura sandar ɗuri har ta tsaya, ka yi alama da yatsa a daidai baki, ka zaro ka gwada tsawon a jikin bututun ta waje. In sandar ba ta kai gindi ba, akwai tsohon ɗuri. Albarushi yana shekaru a ciki bai mutu ba.

Goge cikin bututun da tsumma da ɗan mai, ka ɗaga shi wajen hasken rana. Jar tsatsa da ke fita a tsumma ba ta da illa. Abin tsoro shi ne ramuka irin zanen ƙyanda da suka ci ƙarfe. Sannan bi bayan bututun da yatsu daga gindi zuwa baki, a hankali. In ka ji kumburi, ko da ido bai gan shi ba, an taɓa harbawa da wani abu toshe a ciki, ƙasa ko gidan zanzaro, ƙarfen ya miƙe kuma ba ya komawa. Mai baki biyu tana da ƙarin gwaji: cire bututun, rataye shi da igiya, ka ƙwanƙwasa da ɗan itace. Lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa. In ya yi "kwaf", dalmar da ta haɗa bututun biyu ta saki.

Bututu mai kumburi, ko tsaga, ko ramuka masu zurfi ba ya gyaruwa. Kada ka yarda mai walda ya like maka shi. Zafin walda yana canza ƙarfen wurin, ranar da zai fashe kuma hannun hagunka ne a kai. Haka bindigar toka da aka ƙera da bututun famfo: yana da ɗinki a tsawonsa, ta nan yake yagewa.

In bututu lafiya yake, sauran duk ƙananan aiki ne. Ƙotar da hunturu ya busar ko gara ta ci, a sassaƙa wata. Sifirin da ya mutu a canza. Kunamar da ke faɗuwa da ɗan girgiza kuwa, kada a fita da ita daji ko sau ɗaya sai an gyara, kuma kada ka goga ta da kanka don ta yi laushi. Mai cin harsashi da ke girgiɗi a mahaɗa bayan an rufe ta, aikin gwani ne, ba a cusa mata gwangwani.

Sai maganar doka, wadda ita ce ke sa gyara ya fi sayen sabuwa sauƙi. Dokar bindigogi ta 1959 ta ɗora lasisin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, na mai cin harsashi kuma a hannun Sufeto Janar. Lasisi na bindiga guda ne, ba ya bin ka zuwa wata. Gyara ma sai wurin mai izini. Saboda haka ka fara zuwa hedikwatar 'yan sanda a Bauchi ka ji halin da ake ciki kafin ka ba kowa kuɗi, ka kuma shaida wa Sarkin Baka na yankinku. Bindigar da aka kawo maka da araha babu takarda, ba ka san abin da aka aikata da ita ba. Sabuwa ko tsohuwa, ba a shiga da ita gandun dajin Yankari ko na Lame-Burra.

Lissafin kuɗi: tara kuɗin ƙota, sifirin, aikin gwani da na mota. In ya haura rabin kuɗin sabuwa, a dakata a sake tunani.

Aikin karatu: nemi lambar da ke jikin bututu kusa da mahaɗa. In ka ga 12/70, harsashi mai lamba 12 take ci, wanda tsawonsa bayan ya buɗe bai wuce milimita 70 ba. Mai milimita 76 zai shige ta rufu lafiya lau, amma ba shi da wurin buɗewa idan ya tashi, sai ƙarfin ya yi wa bututun yawa. Rubuta lambar bindigarka a littafinka, ka kwatanta da wadda ke jikin kwalin harsashi.