Ku daina ƙona mega kan kalmomin Ingilishi masu fara da un

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannenmu na nan Yamai masu shirin jarrabawar BEPC da BAC.

In kun gamu da kalmar Ingilishi mai farawa da un, kada ku yi saurin buɗe kamus. Ku sa yatsa ku rufe un ɗin, ku karanta saura. In kun san ma'anar sauran to ku juya ta kawai. Happy mai farin ciki, unhappy marar farin ciki. Known sananne, shi ya sa unknown ke fitowa a waya in an ɓoye lamba.

In kan aikatau un ɗin ya hau kuma, warware aikin yake. Lock kulle, unlock buɗe, uninstall cire abin da ka sa a waya, unmute kuwa shi ne wanda ake ta faɗa ma mutum a Zoom yana zuba surutu ba mai jin shi.

Mu da muka yi lakkol da Faransanci ma abin ya zo muna da sauƙi, aikin da in da im ke yi a inconnu da impossible ne.

Amma fa ba ko'ina dabarar take ci ba. In ka rufe un ka ga sauran ba kalma ba ce, bar ta, kamar uncle da under. Uniform da university kuma uni ne a gabansu, wanda ke nufin guda ɗaya.

Kuma don Allah kar ku kai dabarar kan inflammable da ke jikin tankar mai, wannan nufinsa yana kama wuta nan take.