Darasi na Bakwai: Sanƙarau ba ya jiran gari ya waye

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 1996 bai manta da annobar sanƙarau ba. A Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, akasari a Arewa. Ƙasarmu tana cikin yankin da cutar ta fi addaba, daga Senegal har zuwa Habasha, kuma lokacinta sananne ne: daga shigowar hunturu har zuwa faɗuwar damina.

Sanƙarau kumburi ne na 'yar fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya. Mafi muninsa ƙwayoyin bakteriya ke kawo shi, kuma uku ne suka fi yi mana ɓarna. Akwai meningokokus mai tayar da annoba, akwai numokokus wadda ke haddasa ciwon huhu ma, sai Hib mai kama ƙananan yara. Mutum kan ɗauki ƙwayar a maƙogwaronsa yana yawo lafiya lau, ya yaɗa ta da tari ko atishawa. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami hanyar shiga jini. Shi ya sa cunkoso a ɗaki marar taga yake da haɗari.

Alamominsa su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarewar wuya, ƙin haske da ruɗewa. Jariri kuwa ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Uwa ta lura da kumburin maɗiga, ƙin kama nono, kuka marar tsayawa ko jijjiga. Cutar tana iya kisa cikin awa 24. Idan aka ga haka da tsakar dare, da tsakar daren za a nufi asibiti. Cikin waɗanda suka tsira ma, kusan ɗaya cikin biyar yakan tashi da kurumta, farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa.

A nan ne muke da laifi, kuma ina roƙon ɗalibai su saurara da kyau. Yaro ya yi mura, sai a aika kemis a sayo kafso huɗu na maganin kashe ƙwayoyin bakteriya (antibayotik), ya sha kwana biyu, a ajiye saura don ƙaninsa. Mura ba ta jin wannan magani tun farko. Abin da kawai aka yi shi ne an kashe raunanan ƙwayoyin bakteriya da ke jikinsa, an bar masu taurin kai su hayayyafa. Su ne za su yaɗu zuwa ga maƙwabta. Ta haka numokokus ta daina jin fenisilin a wurare da dama. Yau allurar seftriyazon ce likitoci suka fi dogara da ita wajen sanƙarau, kuma idan muka lalata ta da yin allura barkatai a gida, ranar da ɗanmu zai buƙace ta ba za ta yi aiki ba. Kada a sha irin wannan magani sai ma'aikacin lafiya ya rubuta, a kuma sha yadda ya ce, har iya kwanakin da ya ƙayyade.

Rigakafi kuwa mun ga amfaninsa da idonmu. An fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, Najeriya ta bi a 2011, sai nau'in A na meningokokus da ya yi mana kisan 1996 ya kusa ɓacewa. Amma nau'in C ya ɓarke a Nijar a 2015, ya kuma ɓarke a Zamfara da maƙwabtanta a 2017. Don haka a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, allura ɗaya mai kariya daga nau'i biyar. Allurar jarirai ta mako 6 da 10 da 14 tana kare su daga Hib da numokokus, ta wata 9 kuma akwai ta sanƙarau a ciki. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zo da katin rigakafin ƙaramin yaron gidansu a darasi na gaba. Za mu karanta kwanakin da ke jiki tare, mu ga allurar da aka tsallake, mu rubuta ranar da za a koma.