Yadda Ake Zaɓen Unguwa Kafin Sayen Gida a Garuruwan Kewayen Abuja

Mai neman gida a Kubwa, Lugbe, Kuje ko Mararaba yakan fara da ƙirga ɗakuna da duba tayil da silin. Waɗannan duk kuɗi na gyara su daga baya. Hanyar da za ka riƙa bi kullum, ruwan da ke kwarara ta layin idan damina ta yi nisa, da matsayin ƙasar a idon hukuma, su ne ba ka da iko a kansu bayan ka biya. Saboda haka unguwa ake fara tantancewa, sannan a shiga gida.

Tambayar farko ita ce: wannan wuri a ƙarƙashin wace hukuma yake? Nyanya da Karu na cikin Babban Birnin Tarayya, amma da ka wuce iyaka zuwa Mararaba, Ado da Masaka ka shiga Jihar Nasarawa, inda hukumar NAGIS ke riƙe da bayanan filaye. Suleja da Madalla kuwa Jihar Neja ne. A cikin Birnin Tarayya, Ministan Abuja kaɗai ke da ikon ba da fili, kuma a AGIS, hukumar bayanan filayen Abuja, ake ajiye rajista. Nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Za a nuna maka takardar sarkin gari ko ta mai unguwa, ko wata tsohuwar takardar ƙaramar hukuma, a ce ai kowa a layin da ita yake zaune. Yawan masu zama ba ya hana rusau. Unguwa guda na iya kasancewa a kan filin da taswirar birni ta ware wa titi, makaranta ko wurin shuke-shuke, kuma ranar da sashen kula da gine-gine ya zo, ba ya tambayar shekara nawa aka yi a wurin.

Ga abin da ake yi. Ka karɓi kwafin takardar C of O (shaidar mallakar fili) ko R of O (takardar ba da fili da ke zuwa kafin C of O) daga mai gida, lauyanka ya shigar da neman bincike a AGIS, ko a NAGIS idan Nasarawa ne. Sakamakon zai nuna sunan mai filin, abin da aka ware shi dominsa, ko an jinginar da shi a banki, ko an soke shi. A duba bashin harajin ƙasa ma, domin hukuma na soke takardu saboda shi. Sannan ka ɗauki safiyo naka, ba na dillali ba, ya auna kusurwoyin filin ya gwada da abin da ke takarda. Yakan faru takardar ta zama ta gaskiya amma ta wani fili ce can gaba. Idan gidan cikin rukunin gidaje yake, galibi takarda ɗaya ce babba a hannun kamfanin da ya gina, don haka ita za a bincika, tare da izinin gini da taswirar rukunin da hukuma ta amince da ita. Kada ka ba da kafin alƙalami sai sakamakon binciken ya fito.

Sai hanya. Nisa a kilomita ba ya gaya maka komai a Abuja. Daga Mararaba zuwa mahaɗar AYA da ke Asokoro tafiya ce gajera da tsakar rana, amma da safiyar Litinin titin Keffi na iya cinye maka awa ɗaya ko biyu, haka kuma da yamma wajen komawa. Titin Kubwa da titin filin jirgi da ya ratsa Lugbe sun fi faɗi, sai dai matsalarsu tana wurin fita daga unguwa zuwa babban titi, inda rukunin gidaje goma ke haɗuwa a mashiga ɗaya. Ka gwada tafiyar da kanka, a ranar aiki, ka fita ƙarfe shida da rabi na safe daga ƙofar gidan zuwa wurin aikinka, ka dawo ƙarfe biyar da rabi. Ka lissafa kuɗin mai ko na mota na wata guda, ka ninka da sha biyu. Sau da yawa rangwamen da aka samu a farashin gida mai nisa yana ƙarewa a tankin mota cikin 'yan shekaru. Ka kuma duba ko iyali za su iya samun Keke Napep ko tasi daga layin idan ba ka gida.

Maganar ruwan sama ta fi kowace bukatar haƙuri, domin dillalai sun fi son nuna gida da rani. Idan da hali, ka ga unguwar a watan Agusta ko Satumba, jim kaɗan bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi. Ambaliyar da ta shanye gidaje a rukunin Trademore da ke Lugbe a Yunin 2023, da wadda Lokogoma ta sha fama da ita, tushensu kusan ɗaya ne: gini a kan hanyar ruwa, da kwalbatin da ya yi wa ruwan ƙanƙanta. Ko da rani akwai alamu ga mai lura. Dubi katangu daga waje, za ka ga layin laka ko gansakuka a tsayin gwiwa. Dubi ƙofofin maƙwabta: idan kowa ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu ko uku, ruwa na shiga. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai abin tambaya ne. Ka bi magudanar layin da ƙafa har ka ga inda take zubarwa, domin wata takan ƙare ne a bayan katangar wani. Gidan da ke ƙasa da titi, ko wanda rafi ke bayansa, a bar shi komai arharsa.

Ruwan sha kuma daban. Wasu sassan Kubwa na samun famfo daga madatsar Usuma, amma unguwanni da dama a kewayen birni da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa suke rayuwa. Ka tambayi ɗan garuwa farashin kura a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe. Shi zai gaya maka gaskiyar unguwar. Idan akwai burtsatse a gidan, a san zurfinta, a kai ruwan gwaji, a kuma auna tazararta da ramin masai, naka da na maƙwabci. Mita 30 ake so. A ƙananan filaye da aka yayyanka, da wuya a samu hakan.

Wuta tana bin layin da ke ciyar da unguwa. An kasa layukan AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, rukuni-rukuni: na Band A an yi masa alkawarin awa 20 a rana da farashi mafi tsada, B awa 16, C awa 12, har zuwa E mai awa 4. Ka duba rasidin mita ka ga rukunin, sannan ka tambayi mai walda ko mai sayar da ƙanƙara awa nawa suke gani a zahiri. Ka tabbatar ba bashi a kan mitar, kuma ka ji ko mazauna ne ke haɗa kuɗi idan taransifoma ta lalace. Gida a ƙarƙashin manyan wayoyin wuta haramtacce ne: layin 330kV na bukatar mita 25 ta kowane gefe, na 132kV mita 15.

A tsaro, ka je da dare, wajen ƙarfe tara. Shin shaguna a buɗe suke, mata da yara na zirga-zirga? Sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 sun fi shafar gidajen gefen gari, masu jingine da duwatsu da daji. Gidan ƙarshe a layi, wanda kangaye suka kewaye, yana da arha saboda dalili. Ka san nisan ofishin 'yan sanda, ko akwai 'yan sintiri, da abin da kowane gida ke biya a wata. A rukunin gidaje kuma ka nemi a rubuta maka kuɗin hidima na shekara da abin da ya ƙunsa, da dokokinsu kan kiwo, shago ko ƙarin gini.

Ka yi salla sau biyu ko uku a masallacin layin, ka zauna wurin mai shayi. Tambaya ɗaya ta fi amfani: su wa suka tashi daga nan kwanan nan, kuma me ya tashe su? 'Yan haya sun fi masu gida sakin baki, tunda ba su da abin sayarwa. Daga nan ka auna mintuna nawa ne zuwa babban asibiti mafi kusa, na Kubwa, Nyanya, Kuje ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, da tsakar dare kuma a kan hanyar damina, domin haihuwa da zazzaɓin yaro ba sa jiran gari ya waye. Makarantar boko da Islamiyya su kasance inda yaro zai isa ba tare da tsallaka babban titi ba.