Yadda Ma'aurata Za Su Zaɓi Tsakanin Zaman Shawara na Mako-Mako da na Kwanaki a Jere

Idan zaman aure ya fara tsami a Kano ko Sakkwato, akwai waliyyai da gwaggwanni da kawunnai da za su zaunar da miji da mata tun kafin magana ta kai gaban alƙali. Mu da muke zaune a Makka da Jidda da Madina, da yawanmu mun baro waɗannan manya a gida, kuma ko da yake aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta umarci a tashi mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, wani lokaci dangin suna nesa, sai dai a ji muryarsu ta waya. Shi ya sa ake komawa ga ƙwararrun masu ba da shawarar zaman iyali, kuma tambayar farko da ake cin karo da ita ita ce ko a riƙa zuwa sau ɗaya a mako, ko a ware kwana biyu ko uku a zauna a jere.

Zaman mako-mako yakan ɗauki minti 50 zuwa 90, kuma amfaninsa yana cikin kwanaki shidan da ke tsakanin zama da zama, domin a cikinsu ne ma'aurata ke gwada abin da aka koya musu, su yi kuskure, su dawo da shi a duba. Hanyar da masana halayyar ɗan Adam Sue Johnson da Leslie Greenberg suka tsara a Kanada a shekarun 1980, wadda ke mayar da hankali kan tsoro da kewar da ke ɓoye a ƙarƙashin faɗa, takan ɗauki zama 8 zuwa 20. Idan matsalarku irin wadda ta daɗe tana cin gida a hankali ce, kamar gardama kan kuɗin da ake aikawa gida, ko shigar dangi cikin al'amuranku, ko gaba da ake yi kwana da kwanaki, wannan tsari ne ya fi dacewa, domin halin da aka shekara goma ana ginawa ba ya sauyawa a yini biyu.

Zaman kwanaki a jere kuwa ana yin sa ne sa'o'i da dama kowace rana, kuma cibiyar da John Gottman da matarsa Julie suka kafa a Amurka a 1996 tana cikin waɗanda suka yi fice da shi. Ya fi amfani idan abu ya zo wuya: an gano wani sirri da aka ɓoye, ko an yi saki ɗaya ana cikin idda, lokaci kuma yana tafiya. A zaman sa'a guda sau da yawa ana isowa kan ainihin ciwon ne daidai lokacin tashi, sai a koma gida da shi a buɗe har mako ya zagayo, alhali a dogon zama ana samun damar kai magana ƙarshenta.

Yanayin aikinmu ma yana da ta cewa a nan. Na san wani direba da ke jigilar masu Umara tsakanin Makka da Madina, wanda aka sa masa da matarsa zama kowace Talata. A wata na farko sau ɗaya kacal ya samu halarta, matar kuwa tana zaune a ɗakin jira da jaririnta a goye, tana kallon ƙofa. Daga baya ta ce masa, "Baban Amina, in dai ba za ka iya Talata ba, ka ba ni Juma'a da Asabar guda, mu gama magana." Haka aka yi bayan an watse daga aikin Hajji, kuma a ganina ita ce ta fahimci lamarin, domin alkawarin da ake saɓawa kowane mako yana ƙara wa mace jin cewa ba a damu da ita ba. Duk wanda aikinsa ke bin lokacin Ramadan da Hajji ya lissafa wannan kafin ya zaɓa. Sai dai wanda ya zaɓi dogon zama ya nemi a sa masa zaman bibiya bayan mako biyu ko uku, in ba haka ba abin da aka gina yakan zube da zarar an koma hidimar yau da kullum. Kuɗin dogon zaman kuma a dunƙule ake biya.

Kafin ku biya ko riyal ɗaya, ku tambayi lasisin mai shawarar, domin a Saudiyya likitocin halayyar ɗan Adam suna rajista da hukumar ƙwararrun ma'aikatan lafiya, cibiyoyin shawarar iyali kuma suna samun izini daga ma'aikatar kula da ma'aikata da ci gaban al'umma. Ku kuma daidaita maganar harshe tun farko. Idan miji ya iya Larabci matar ba ta iya ba, kada shi ya zama tafintanta, kada kuma a ɗauko ɗa ko 'ya su fassara sirrin iyayensu. A nemi amintaccen da ba shi da ɓangare, ko ƙwararre mai jin Hausa ta intanet. Idan magana ta fara karkata zuwa kotu, ma'aikatar shari'a tana da dandalin sulhu mai suna Taradi.

Akwai halin da bai kamata a zaunar da mutum biyu wuri guda ba, musamman na tsawon yini: idan akwai duka, ko barazana, ko ɗaya yana tsoron faɗin gaskiya a gaban ɗaya. Abin da mace ta faɗa a ɗakin shawara yana iya zama dalilin dukanta da dare. A irin wannan hali sai kowa ya ga ƙwararre shi kaɗai tukuna, kuma lambar waya 1919 ita ce ta kai rahoton cin zarafi a cikin gida a duk faɗin Saudiyya.