Ƙosai da miyar dangwale don baƙin da alkama ko gyaɗa ke cutarwa

Mata a Agege sun sha tambayata abin da za su ajiye wa irin waɗannan baƙi a walimar Sallah. Ƙosai ya wadatar, domin wake ba shi da gulutin, wato sinadarin da ke cikin alkama wanda yake cutar da wasu mutane.

1. A surfa wake kofi 2.
2. A markaɗa shi da albasa da attarugu a gida. Hattara, injin unguwa yakan niƙa alkama da gyaɗa.
3. A buga ƙullun sosai da gishiri.
4. A soya da sabon manja, ba man gyaɗa ko ragowar man cincin ba.
5. A soya tattasai da tumatir don dangwale, amma a karanta kwalin magi tukuna, domin wani yana ɗauke da alkama.
6. A jera su a faranti daban, nesa da yajin ƙuli.