Ga mai shirin zuwa tsibirin Miyajima a Japan

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi Hiroshima, kada ya dawo bai leƙa Miyajima ba. Daga tashar Hiroshima jirgin ƙasa zai kai ka Miyajimaguchi cikin kusan rabin awa, sai ka hau jirgin fito na minti 10. Akwai harajin baƙi na yen 100 da aka fara karɓa a 2023.

Babbar shawarata: duba jadawalin cikar teku da janyewarsa kafin ka tsayar da rana. Jar ƙofar nan ta wurin bautar Itsukushima, mai tsayin kusan mita 16, a cikin ruwa take. In teku ya cika sai ka ga kamar tana shawagi. In ya janye kuwa, da ƙafa za ka taka har gindinta, ka ga ƙananan dodon koɗi manne a jikin ginshiƙanta. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, don wurin akwai laka. Ni dai na fi son a wuni a ga duka biyun.

Hattara da barewa! Ba su tsoron mutum, kuma suna cin takarda. Taswira ko tikiti a hannu, kafin ka ankara sun fizge.

In akwai sauran ƙarfi, ka shiga haikalin Daisho-in sannan ka hau dutsen Misen, mita 535. Abinci kuma, a tambaya ko an zuba giyar sake a cikin gasasshiyar kawa (wani naman teku mai ɓawo) kafin a saya.